Daga Kan Tsaunukan Alps Zuwa Bakin Teku Da Mota: Yadda Za Ka Shirya Tafiyar Salzburg Zuwa Rovinj

Tun da na dawo daga wannan tafiyar mutane ke ta damuna da tambaya, wai ya aka yi, nawa aka kashe, ba a tare mu a boda ba? Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, bari in zauna in zayyana komai dalla-dalla, wanda ke da niyya sai ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Hanyar da nake magana a kai ta taso ne daga Salzburg a Ostiriya, ta haye tsaunin Grossglockner, ta ɗan leƙa Italiya, ta faɗa Sloveniya ta haye hanyar kan dutse ta Vršič, ta bi kogin Soča har ƙasa, sannan ta ɓulle bakin tekun Adiriyatik a Piran, ta ƙare a Rovinj cikin Kuroshiya. Ƙasa huɗu kenan, kuma duka-duka tafiyar ba ta fi kilomita 650 ba a zuwa. Nan ne fa tarkon yake. Bahaushe da ya saba Kano zuwa Abuja a yini ɗaya yana ganin 650 sai ya ce ai wannan sammako ne kawai, kafin isha'i mun isa. A'a malam. Kilomita 45 a kan dutse sai ta ci maka awa ɗaya da rabi ba ka tsaya ko'ina ba, kuma wallahi za ka tsaya. Ka ware kwana takwas ko tara, in ba ka da su ka rage wuraren, kar ka ƙara gudu.

Fara da wata, ba da tikitin jirgi ba

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi tikiti tukuna sannan a zo ana duba hanya. Waɗannan hanyoyin na kan dutse ba duk shekara suke a buɗe ba. Ta Grossglockner ana buɗe ta wajen farkon Mayu a rufe wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ya danganta da dusar ƙanƙara, kuma ko lokacin da take buɗe da daddare a kulle take. Vršič ma da sanyi ya kankama shikenan sai wata shekarar. Ni in ka tambaye ni, rabin Yuni na biyu ko Satumba su ne daidai. Yuli da Agusta duk Jamusawa da 'yan Holan sun ɗauro kaya sun nufi teku, kuɗin masauki ya haura, wurin fakin ya zama gwal, ranar Asabar kuwa goslon da ake yi a bakin ramin Karawanken, titin cikin dutse da ke tsakanin Ostiriya da Sloveniya, sai ka rantse kana Mararaba da yamma. A Satumba ruwan teku bai huce ba tukuna, mutane kuma sun ragu.

Takardu

Duka ƙasashen huɗu suna cikin Shengen, Kuroshiya ce ta shiga daga baya, ranar 1 ga Janairun 2023, kuma a ranar ta koma amfani da yuro. Wato biza ɗaya ta ishe ka, kuɗi ɗaya za ka riƙe, ba ruwanka da ɗan canji. Amma ka lura, ofishin jakadancin da za ka nemi biza shi ne na ƙasar da za ka fi yawan kwana a cikinta, ba wadda jirginka zai sauka ba, sai in kwanakin sun zo daidai da juna ne ake duba wadda za ka fara shiga. A tsarin da zan bayar a ƙasa Sloveniya ce ke da kwana mafi yawa. In ka fi son ka nema ta Ostiriya, wadda ke da ofishin jakadanci a Abuja, sai ka ƙara kwanaki a Salzburg da gaske, ba a takarda kawai ba. Za su nemi inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000, da bukin ɗin masauki, da tsarin tafiyar rana-rana.

Wanda kuma ke zaune a Turai da katin zama, ba ya buƙatar biza, amma ya ɗauki fasfo haɗe da katin, duka biyun. Kar ka ce ai babu boda. A ƙa'ida babu, amma shekarun nan ƙasashen suna ta dawo da bincike na wucin gadi, sai ka ga 'yan sanda a tsaye suna ɗaga wa wasu motocin hannu, kuma mu dai mu faɗi gaskiya, mota cike da baƙaƙen fata ta fi saurin samun wannan hannun. Mu sau biyu aka tsayar da mu, suka duba fasfo, suka tambayi ina za mu, minti uku ba a yi ba muka wuce. Fasfo ya zauna a gaban mota inda hannu zai kai, ba a ƙasan akwati cikin but ba.

Lasin tuƙi: in na gida ne ka haɗa da lasin ƙasa da ƙasa, a Najeriya 'yan rod sefti ne ke bayarwa, kuma shi kaɗai ba ya aiki sai tare da ainihin lasin naka. In kuma ka tare a Jamus ko Ostiriya, lasin gida wata shida kawai yake maka aiki daga ranar da ka zauna, da yawa daga cikin 'yan'uwa ɗalibai ba su san wannan ba sai a gaban kantar masu ba da hayar mota.

Wani abu kuma kafin in manta, kilishi da dambun nama da Hajiya za ta cusa maka a jaka, ka ba ta haƙuri. Doka ta hana shigo da nama da kayan madara Tarayyar Turai daga waje, in suka gani a filin jirgi za su ƙwace, wataƙila har da tara. Yaji da garin kunu dai ba nama ba ne.

Motar haya, inda kuɗi ke zurarewa

Abu na farko, ka ɗauki mota a inda za ka mayar da ita. Ɗauka a Salzburg a ajiye a Pula yana da daɗin faɗa, amma kuɗin da suke cajin mayar da mota daga wata ƙasa wani lokacin sai ya kusa kai kuɗin hayar gaba ɗaya. Gara ka yi zobe, ka sauka ta kan duwatsu a hankali, ka dawo ta babban titi a yini ɗaya.

Na biyu, ka gaya musu tun wajen bukin cewa za ka shiga Italiya da Sloveniya da Kuroshiya, su rubuta maka a takardar yarjejeniya. Yawanci akwai ɗan kuɗin tsallake boda, ka biya kawai. In ka yi shiru ka tsallaka wani abu ya faru, inshorar na iya zamewa ta bar ka da jidali. Sannan galibinsu katin kiredit suke so mai sunan direba don su riƙe kuɗin jingina, katin cire kuɗi na yau da kullum ba kowa ke karɓa ba, ka tambaya tun kana gida. Duk wanda zai taɓa sitiyari a sa sunansa.

Motocin haya a can yawanci masu giyar hannu ne, otomatik sai ka nema musamman kuma ta fi tsada. In ba ka ƙware da kuloci a kan hawa ba kar ka yi jarumta, ɗauki otomatik. Kuma kar ka ɗauki ƙatuwar mota don burga, lungunan nan ƙaramar mota suke so. Ga wani dalilin ma, Sloveniya tana cajin motoci masu tudun gaba irin ƙananan bas ninki biyu na kuɗin titi.

Ranar ɗauka ka zagaye motar da waya kana bidiyo, bamba, taya, gilas, rufi, har ma'aunin mai. Ni na taɓa yin sakaci a wani kamfani, muna sauri yara na kuka na karɓi makulli na wuce, da na dawo da ita suka nuna min wani ƙarce a ƙofar baya wanda har ga Allah ban san da shi ba, ba ni da hoton da zan kare kaina, haka suka zare kuɗin daga jinginar ina ji ina gani. Ka duba but kuma ka tabbata akwai alamar nan mai kusurwa uku, da rigar nan mai ƙyalli, da akwatin taimakon gaggawa, a Ostiriya dole ne.

Kuɗin titi: kowace ƙasa da salonta

Nan ne ake cin baƙi tara, don haka bari in daɗe a kai.

Ostiriya ba ta da tolget a yawancin manyan titunanta, sai dai ka sayi izini tun kafin ka hau, suna ce masa Vignette. Akwai na yini ɗaya, na kwana 10, na wata biyu, na shekara. Na kwana 10 shi ne naka, kuɗinsa yuro goma sha biyu da ɗoriya, ana samu a gidajen mai ko a shafin ASFINAG, hukumar manyan titunansu, inda ake ɗaura shi a kan lambar mota. Motar da aka yi haya a cikin Ostiriya yawanci tana da nata, ka tambaya. In daga Munich ka ɗauko to ba ta da shi, ka saya kafin ka tsallako. Kyamara ce ke karanta lamba, babu wanda zai tsaya ya saurari "yallaɓai ban sani ba". Bayan wannan kuma wasu ramukan cikin dutse suna da nasu kuɗin daban ko da kana da izinin, a hanyarmu ta dawowa akwai biyu, Karawanken da Tauern.

Sloveniya ma haka, nasu sunansa e-vinjeta, tun 2022 suka daina na mannawa a gilas, a intanet ake saya a shafin DARS, hukumar manyan titunansu, ko a gidan mai. Na mako ɗaya wajen yuro 16 ne ga ƙaramar mota, tarar rashinsa kuwa daga yuro 300 take farawa. Ga dabara: Vršič da duk kwarin Soča ƙananan hanyoyi ne, ba sa buƙatar komai. Sai ranar da za ka bar Nova Gorica ka nufi teku za ka hau babban titi, to ka sa ranar farawar ta zama wannan ranar, mako ɗayan sai ya rufe maka har dawowa. Ka karanta lambar motar sau biyu kafin ka biya, harafi ɗaya ya kuskure kamar ba ka saya ba ne.

Italiya da Kuroshiya su tolget suke yi, ka zari tikiti a shiga ka biya a fita. A Italiya kar ka kuskura ka shiga layin da ke da allo ruwan ɗorawa an rubuta Telepass, na masu na'ura ne. Amma a wannan hanyar ba ma sai ka hau babban titin Italiya ba. Abin da za ka kiyaye a garuruwansu shi ne allo mai jan zobe da aka rubuta ZTL, unguwa ce da baƙuwar mota ba ta shiga, takardar tara sai ta biyo ka bayan watanni, kamfanin haya kuma ya ɗora nasa kuɗin wahala a kai.

In ka tara duka, har da tikitin Grossglockner da ya haura yuro 40, ka ware kamar yuro 120 na titi kawai. Mai kuwa, zuwa da dawowa da 'yan zagaye kusan kilomita 1,200 ne, ƙaramar mota za ta sha kamar lita 80. Kar ka sha mai a kan babban titi, ka sauka cikin gari ya fi araha sosai. Kuma ka san abin da motarka ke sha: a Italiya benzina shi ne fetur, gasolio shi ne gas ɗin da muka sani wato dizal.

Rana ta 1 da ta 2: Zell am See da Grossglockner

Daga Salzburg zuwa Zell am See kamar awa ɗaya da rabi ne. Taswirar waya na iya bi da kai ta Lofer, wadda ke ratsa wani ɗan yanki na Jamus, kaga ƙasa ta biyar kenan ba ka shirya ba, fasfo dai na kusa. Na zaɓi Zell am See don kwanan farko saboda dalili: Larabawan yankin Gulf sun mayar da garin wurin hutunsu na bazara, don haka abincin halal ba wahala, matarka da hijabinta ba wanda zai bi ta da kallo. Ka yi cefanen hanya a nan, burodi, cuku, 'ya'yan itace, ruwa. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke a Ostiriya da Sloveniya, in ka manta sai dai gidan mai.

Washegari ka yi sammako. Hanyar Grossglockner an buɗe ta ne a 1935, tsawonta kilomita 48, tana da kwana 36, kwanar lanƙwasa nake nufi ba ta barci ba, irin wadda mota ke juyowa ta fuskanci inda ta fito. Ana biya a Ferleiten. Wanda ya san Hawan Kibo ya ɗauka an jera masa shi sau da yawa a kan juna, sai dai kwaltar sumul take kuma akwai shinge. Ka ratse ka hau Edelweissspitze, mita 2,571, nan ne ƙololuwar inda mota ke kaiwa, 'yar hanyar matsattsiya ce an shimfiɗe ta da duwatsu. Daga nan sai ramin Hochtor a mita 2,504, sai ka sake ratsewa zuwa Kaiser-Franz-Josefs-Höhe inda za ka tsaya ka fuskanci shi kansa Grossglockner, mita 3,798, dutse mafi tsawo a Ostiriya, ga daskararren kogin ƙanƙara na Pasterze a ƙasansa. Akwai wasu dabbobi a wurin kamar gafiya ta ƙoshi, suna fito in sun ga mutum, yara sun fi kula su a kan dutsen.

Rigar sanyi fa dole. Duk mita dubu da ka hau zafi na raguwa da kamar digiri shida, ka baro ƙasa da 'yar shara ka iso sama haƙora na kaɗawa.

Yanzu maganar da ta fi komai muhimmanci a rubutun nan: gangara. Hawa ba shi ne matsala ba, sauka ce. In ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama kana dannawa a hankali har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Ni a saukar Heiligenblut na fara jin wani ƙauri kamar an bar tukunya a wuta, na ce wa abokin tafiyata wata motar ce, ashe tamu ce, da muka samu wuri muka tsaya tayoyin gaba har hayaƙi suke, muka zauna rabin awa muna istigfari. Ƙa'idar ita ce giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka, lamba biyu, wani wurin uku, inji ya riƙe motar ko da yana kuka, birki kuma ka taka da ɗan ƙarfi kafin kwana ka sake shi. Otomatik ma tana da wurin sa ƙaramar giya da hannu, ka nemo shi tun a filin fakin. Kar ka taɓa sa furi a gangara wai kana tattalin mai irin na direbobin tasha. Kuma kar ka zuba wa birki mai zafi ruwa, bar shi ya huce da kansa.

Sauran ladubban dutse: ka zauna a hannunka ko a cikin kwana, don babura da masu keke suna fitowa kamar daga sama. In wuri ya matse mai sauka ne ke kauce wa mai hawa. In ka ga motoci sun yi layi a bayanka ka ratse su wuce, ba gasa ake ba. Hon kuma ka manta da shi. Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne hannun dama suke tuƙi kamar mu. Ka kwana a Heiligenblut.

Rana ta 3 zuwa ta 5: Italiya ta minti arba'in, sai Vršič da Soča

Daga Heiligenblut ka bi kwarin Möll zuwa Spittal, ka wuce Villach, a Arnoldstein ka sauka daga babban titi ka bi tsohuwar hanya zuwa Tarvisio. Ka shiga Italiya kenan, in ba ka lura da allo ba ma ba za ka sani ba. Ka sha kofi, ka ratse tafkunan Fusine ka miƙe ƙafa, sai ka tsallaka Sloveniya ta Rateče ka kwana a Kranjska Gora. Da ka shiga Sloveniya fitilar mota a kunne ko da tsakar rana, doka ce.

Vršič mita 1,611 ne kawai, bai kai na jiya ba, amma ni ya fi ba ni tsoro. Kwana 50 ne, 24 a hawa 26 a sauka, kowace da lambarta a allo, kuma na ɓangaren hawa an daɓe su da ƙananan duwatsu, in an yi ruwa santsi suke. Fursunonin yaƙi 'yan Rasha ne suka fasa hanyar a yaƙin duniya na ɗaya, a Maris 1916 ƙanƙara ta zubo daga dutse ta binne da yawa daga cikinsu, a kwana ta 8 za ka ga ɗan cocin katako da 'yan'uwansu suka gina don tunawa da su. Ka fita kafin ƙarfe takwas, in rana ta ɗaga wurin tsayawa a sama ba ya samuwa. In kuma an rufe Vršič ko hadari ya haɗu, ka koma Tarvisio ka bi ta Predel, mita 1,156, ta fi sauƙi kuma ita ma garin Bovec na kwarin Soča take kaiwa.

Da ka sauko sai Soča. Ban san yadda zan kwatanta launin ruwan nan ba, tsakanin kore da shuɗi, garau kana ganin tsakuwar ƙasa, na yi alwala da shi hannuna ya ƙage don sanyi. Ka ba wa kwarin nan kwana biyu a Bovec ko Kobarid, shi ne zuciyar tafiyar, wanda ya wuce shi da gudu don ya ga teku ya yi asara. Yankin sama duk cikin gandun Triglav yake, ba a kwana a mota ko kafa tanti inda aka ga dama, ba a fakin a kan ciyawa.

Wani wuri da ba kowa ke zuwa ba, kuma ni ya taɓa ni: ƙauyen Log pod Mangartom, 'yan mintuna arewa da Bovec a hanyar Predel. A 1916 sojojin Bosniya Musulmi da ke yaƙi a rundunar Ostiriya-Hangari sun gina masallaci a nan, da hasumiyarsa, a tsakiyar duwatsun Alps. An rushe shi bayan yaƙin, amma maƙabartar sojoji tana nan da kabari sama da 800, za ka ga na Musulmi da alamarsu daban. Mun tsaya mun yi musu addu'a. A Kobarid kuma akwai gidan tarihin wannan yaƙin, nan aka yi gumurzun Oktoban 1917 da Italiyawa ke kira Caporetto.

Abinci a nan sai ka buɗe ido, don alade a komai yake. Ka haddace kalmomin: Schwein da Speck a Ostiriya, maiale da prosciutto a Italiya, svinjina da pršut a Sloveniya, a Kuroshiya svinjetina. Kifin kogi ka nema, ko frika, wato dankali da cuku a soye, amma ka tambaya ko an sa nama a ciki don wasu na sawa. Sallah kuma matafiyi ne kai, ga ƙasaru ga jam'i, a watan Yuni magariba sai wajen tara na dare, asuba kuwa tun wajen uku. Ka riƙe gorar ruwa ta zama butarka, banɗakunansu takarda ce kawai, na kan hanya kuma sai ka jefa sulalla, don haka ka tara canji.

Rana ta 6 zuwa ta 8: teku

Daga Kobarid ka bi kogin zuwa Nova Gorica. Dab da shiga gari a Solkan akwai gadar jirgin ƙasa ta dutse mai baka guda na mita 85, ka ɗaga kai ka gani. In kana da awa ɗaya ka je dandalin da ke gaban tashar jirgin ƙasa, inda boda ta ratsa tsakiyar fili, ƙafa ɗaya a Sloveniya ɗaya a Gorizia ta Italiya. Daga nan e-vinjeta ta fara aiki, ka hau H4 ta kwarin Vipava, ka haɗe da A1 zuwa Koper. Kwarin nan akwai wata iska da suke kira burja, in ta taso har manyan motoci ake hanawa wucewa, ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Wajen doguwar gadar Črni Kal za ka fara hango ruwa, a motarmu dai ihu aka yi.

Allunan hanya na iya rikita ka don gari ɗaya suna biyu: Koper shi ne Capodistria, Trst shi ne Trieste, a dawowa kuma Beljak shi ne Villach. Ka sauke taswira a waya tun kana da intanet, cikin kwazazzabai sabis na ɗaukewa.

Gaɓar tekun Sloveniya gaba ɗaya ba ta kai kilomita 50 ba. Piran ba a shiga da mota, ka ajiye ta a garejin Fornače ka hau bas ɗin da ke kai mutane cikin gari, don haka ka ware ƙaramar jaka ta kwana ɗaya kar ka ja akwati a kan duwatsu. Washegari ka wuce ta gefen filayen gishirin Sečovlje ka tsallaka Kuroshiya, ka hau titin A9, ka fita a Kanfanar zuwa Rovinj. Shi ma tsohon garin ba mota, kafin ka biya masauki ka tambaya a rubuce ko akwai fakin kuma nawa ne, don da bazara kuɗin fakin na yini sai ya kai na abincin dare. Za su karɓi fasfo su yi muku rajista, akwai kuma ɗan harajin baƙi na kowane dare, ba cuta ba ce.

Kar ka sa ran yashi irin na bakin tekun Legas, nan duwatsu ne da tsakuwa, kuma akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya a cikin ruwan, ka sayi takalmin roba na shiga ruwa. Yini ɗaya ka gangara Pula, ƙasa da awa ɗaya, ka ga filin wasan Rumawa na ƙarni na ɗaya da har yanzu yake tsaye.

Dawowa

Rovinj zuwa Salzburg ta babban titi awa biyar zuwa shida ne in hanya ta yi kyau: Koper, Ljubljana, ramin Karawanken mai kusan kilomita 8, Villach, sai Tauern. Gudu 130 ne iyaka a manyan titunan, cikin gari 50, amma a Ostiriya allunan lantarki kan rage shi zuwa 100, abin da allo ya nuna shi ne doka. In goslo ya haɗu za ka ga motocin layin hagu sun matsa hagu sauran sun matsa dama an bar fili a tsakiya, na motar asibiti ne da 'yan kwana-kwana, kar ka ce ka samu hanya. Lambar gaggawa 112 ce a duka ƙasashen.

Kar ka sa dawowar ranar Asabar, kuma kar ka sa ta ranar da jirginka zai tashi. Mu Juma'a muka zaɓa da gangan, muka baro Rovinj bayan karin kumallo muka samu jam'i a masallacin Ljubljana, wanda aka buɗe a 2020, yana kusa da tsakiyar gari. Kafin ka mayar da mota ka cika tanki a gidan mai mafi kusa da su, ka riƙe rasit, ka sake zagaye ta da bidiyo kamar ranar farko, kuma kar ka jefa makulli a akwati ka tafi in akwai ma'aikaci a wurin, ka tsaya ya duba ya sa maka hannu cewa lafiya ka kawo ta.